Lita Ɗaya, Nauyi Dabam-Dabam: Kira Ga Dattawan Ikkilisiya

'Yan'uwa cikin Almasihu, musamman iyayenmu dattawa masu zama a kan kasafin ikkilisiya, akwai maganar da ake ta maimaitawa tun da aka cire tallafin man fetur. Wai talaka ba shi da mota, don haka tsadar mai damuwar masu mota ce. Daga bakin 'yan siyasa maganar ta fito, amma abin baƙin ciki ta sami kujera har a taron dattawanmu. Maganar nan ba gaskiya ba ce, kuma shawarwarin da muke yankewa a kanta suna cutar da marasa ƙarfi a cikinmu.

Mu fara da lissafi. A Janairun 2012 gwamnatin Jonathan ta kai lita daga naira 65 zuwa 141, ƙasa ta tsaya cik da yajin aiki har aka dawo da ita 97. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a Oktoban 2024 ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da yawa. A farkon 2023 mafi ƙarancin albashi, naira 30,000, yana sayen sama da lita 150. A ƙarshen 2024 naira 72,000 da Jihar Kaduna ta amince da ita ba ta wuce lita 72 ba. Albashi ya ninka, man da yake saye ya ragu da rabi. Wannan kuwa mai albashi ke nan. Yawancin masu cika bencinmu ran Lahadi ba su da albashi ko kaɗan. Duk wannan a garin da aka buɗe matatar mai tun 1980, wadda ta yi shekaru tana kwance.

To, wa yake sayen man? Dattijo mai mota yana saye a gidan mai, yana ganin lambar a jikin famfo. In ya yi masa yawa sai ya ajiye motar kwana biyu. Gwauruwa mai tuyar ƙosai a Unguwar Sanusi ba ta taɓa riƙe galan a layi ba, amma kullum tana sayen fetur. Tana biya wurin mai injin markaɗe. Tana biya a Keke Napep zuwa kasuwa da dawowa. Tana biya wurin mai ruwa, domin da janareto ake jawo ruwan burtsatse in babu wuta. Tana biya a farashin wake da manja da mota ta kawo. Ita ba ta da motar da za ta ajiye. Matashi mai aski ko mai cajin waya yana sayen kwalba ɗaya wurin 'yan bumburutu, a kan kuɗin da ya fi na gidan mai. Ɗan fansho kuwa yakan zaɓa tsakanin kuɗin mota zuwa asibiti da kuɗin maganin kansa. Mai hali ya fi kashe naira da yawa a kan mai, gaskiya ne. Amma mara hali ne mai yake cinye wa kaso mafi girma na abin hannunsa.

Mu kuma muna da namu ƙarin nauyi. Bayan rikicin 2000 da na 2002 iyalai da yawa sun koma Sabon Tasha, Television, Narayi da Romi, amma wasu ba su bar majami'ar da aka yi musu baftisma ba. Su ne suke hana ƙananan ikkilisiyoyinmu rufewa. Uwa mai 'ya'ya huɗu tana biyan kujera biyar zuwa, biyar komawa.

Duk da haka me muke yi? Muna yanka kuɗin man janareto daidai wa daida a kan kowane gida, mu kira shi adalci. Muna sa Zumuntar Mata rana ɗaya, mawaƙa wata rana, addu'ar tsakiyar mako wata, taron matasa wata. Wanda aka daina gani sai mu ce ya yi sanyi a bangaskiya, ba mu tambaya ko kuɗin mota ne ya tsare shi ba. Muna ƙona mai don kiɗa da lasifika ga mutane ƙalilan, sa'an nan mu ce asusun gwauraye ba kome. Motoci suna fita daga harabar majami'a da kujeru babu kowa, tsofaffi suna tsaye cikin rana a bakin titi.

Za a ce ikkilisiya ma tana cikin matsi, kuma ba ita ta sa farashin ba. Haka ne. Amma yadda ake raba nauyin a cikinmu, wannan a hannun dattawa yake. Mun sha wa'azi a kan gwauruwar da ta ba da anini biyu. Ubangiji ya auna baikonta da abin da ya rage mata. Da wane mudu mu muke aunawa?

Saboda haka muna roƙo. A soke kuɗin mai na bai ɗaya, kowa ya bayar gwargwadon ƙarfinsa, a cire gwauraye da marasa aiki. A haɗa tarurrukan mako a rana ɗaya ko biyu, a yi su da rana. A rubuta sunayen masu mota da unguwanninsu domin su riƙa ɗauko maƙwabta. A karanta wa jama'a abin da aka kashe a kan mai kowane wata, kusa da abin da aka ba mabukata. In kuɗi ya samu, a fara sa hasken rana kafin a sayi sababbin kayan kiɗa.

Dattawa, a zamanku na gaba ku gayyaci mata biyu daga Zumunta, ku tambaye su nawa suka kashe kafin su iso sujada ran Lahadi. Ku ji amsar kafin ku yanka wani kuɗi. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.