Cewa "ƙaddara ce" ba ya kayar da diyya

 

Ya ku ƴan'uwa, a watan da ya gabata na sallaci gawar wani magidanci daga cikin masu sahun gaba a masallacinmu. Zazzaɓi ya kai shi gidan likita. Cikin dare aka yi masa allurar da aka rubuta wa mai gadon da ke kusa da nasa, kafin asuba rai ya yi halinsa. Wanda ya yi allurar bai ɓoye ba, da bakinsa ya faɗa yana kuka. A zaman makoki sai yayan mamacin ya miƙe ya ce sun yafe, ƙaddara ce, su ba sa cin kuɗin jini. Aka yi ta sa masa albarka. Ni kuwa idona yana kan marayu biyar da ke bakin zaure, maza uku mata biyu, babbansu bai balaga ba. Na yi shiru a ranar don gudun fitina a gaban masu gaisuwa, kuma shirun nan bai bar ni na yi barci mai daɗi ba.

Babu Musulmin da ke musun ƙaddara. Amma ku buɗe Suratun Nisa'i, aya ta 92. Allah da ya rubuta ajalin kowane rai, Shi ne ya wajabta kaffara da diyya a kan wanda ya kashe mumini bisa kuskure. Shin mun fi Allah sanin ƙaddara ne? Wanda ya yatsine fuska ya kira diyya da sunan ƙyama, ya san cewa hukuncin Ubangijinsa yake yatsine wa.

Malamanmu ba su bar wannan babi a rufe ba. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisin da ya ɗora lamuni a kan duk wanda ya shiga aikin magani alhali ba a san shi da iliminsa ba. Wannan ya haɗa da mai yawo da tiren ƙwayoyi a tasha cikin rana tsaka, da yaron da ya yi shara a gidan likita shekara biyu ya dawo unguwa yana tsira wa jarirai allura. Yara nawa kuka sani suna jan ƙafa saboda allurar kinin da aka soka a inda bai dace ba, ta taɓa jijiya? Ƙafar da ta daina aiki gaba ɗaya, rabin diyya ce a shari'a. Shi kuma gwanin da ya san aikinsa amma hannunsa ya kuskure, Ibnu Rushd a cikin Bidayatul Mujtahid ya ambaci haɗuwar malamai a kan cewa diyya ta hau kansa, ya ba da misali da mai kaciyar da askarsa ta wuce iyaka. Wanda babu komai a kansa shi ne likitan da ya yi aiki yadda ilimi ya tanada, da izini, ba tare da sakaci ba, sannan Allah ya karɓi abinsa.

Diyyar namiji Musulmi a mazhabar Imam Malik raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, wato sama da kilo 4, ko dirhami 12,000 na azurfa. A kisan kuskure ba a ɗora ta a wuyan mutum ɗaya: aƙilarsa, wato danginsa na wajen uba, su ke biya cikin shekara 3. Malamai da yawa na wannan zamani suna ganin ma'aikatar da mutum ke wa aiki tana iya tsayawa a matsayin aƙila. To ina zancen "za ku hallaka bawan Allah" ya tsaya?

Yanzu ga abin da ya fi ƙona mini rai. Diyya gado ce. Sayyidina Umar da kansa ya kasance yana ganin mace ba ta da rabo a diyyar mijinta, har Dahhak ɗan Sufyan ya shaida masa cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rubuto masa ya ba matar Ashyam rabonta daga diyyar mijinta. Umar ya janye ra'ayinsa. In dai mamaci ya bar ɗa namiji, ɗan'uwansa ba shi da ko tamma a gadon. To me yayan nan ya yafe? Kyauta ya yi da dukiyar marayu, ya karɓi yabon a madadinsu. Matar tana iya yafe tumuninta in ta so, da daɗin ranta, ba a ritsa ta cikin takaba ana cewa ta ji kunyar surukai ba. Rabon yara kuwa ko waliyyinsu ba shi da ikon zubar da shi a banza.

Kuma kada wani ya ce talaka ba ya samun haƙƙinsa. A Kano, a annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara kusan 200, 11 suka rasu. Iyaye da gwamnatin jihar suka bi shari'a shekara da shekaru, a 2009 aka yi sulhu a kan dalar Amurka miliyan 75. Da sun ce ƙaddara ce sun naɗe hannu, da ko labarin ba mu ji ba.

Ban ce a ɗaga hannu a kan ma'aikacin lafiya ba. Mafi yawansu suna kwana a tsaye a kan marasa lafiya da yawa, da kayan aiki kaɗan, kuma wanda ya doki ɗayansu shi ma shari'a za ta bi shi. Abin da nake cewa, ku adana ordonansi da kwalin maganin da karnen mara lafiya, ku rubuta rana da lokaci, ku riƙe shaidu. Ku fara da shugaban gidan likitar, sannan sulhu a gaban sarki ko malamai, in ya ƙi sai kotu. Shi kuma wanda ya yi kuskuren ya sani, ko iyalai sun yafe diyya, azumin wata 2 a jere yana nan a kansa.

Yayan mamacin yana karanta wannan zaure namu, na sani. Alhaji, ina jiranka a masallaci bayan sallar isha'i, ka zo da takardun, mu je tare.