Jikin ɗan kokowa ma abin karatu ne a jami'a

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar bak ya fito, zance ɗaya ake yi a zaurukan Maraɗi: wa zai karanta likita, wa zai shiga fannin noma, wa zai nemi lissafin kuɗi. Idan yaro ya ce shi kimiyyar wasanni da motsa jiki yake so, uba yakan yi shiru, sannan ya ce, "Haba ɗana, shekara goma sha uku kana lakwal, ƙarshenta guje-guje za ka je ka koyo?" Ban ga laifin uban ba. Iyakar abin da ya sani a fannin shi ne mushen wasanni da usur a wuya, yana sa yara zagaye fili. Amma ni a ganina wannan karatu ne da garinmu yake da buƙatarsa ƙwarai, kuma lokaci ya yi da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi za ta ba shi sashe nasa cikakke.

Mu fara da abin da babu mai musunsa. A 1975, da aka yi gasar kokowa ta takobi ta farko a Tawa, ɗan Maraɗi ne, Yakuba Kantu, ya ɗauko takobin, kuma sunansa ne yau a filin kokowar garin nan. Bayansa an yi wasu, irin su Umaru Bindigau, waɗanda suka sa aka yi kwanan zaune don murna. Kowace shekara jihohi takwas suna kawo ƴan kokowa goma-goma, ƙarti 80 ke nan, kuma muddin ana karawa, mai shago da mai kabu-kabu da ma'aikacin ofis kunnensu yana kan rediyo. Babu wani abu da ke tara ƴan Nijar wuri ɗaya kamar wannan. To amma shekara hamsin da kafa gasar, me muka sani a rubuce game da jikin mutanen nan? Wane rauni ne ya fi yawa a cikinsu, kafaɗa ko gwiwa ko ƙugu? Yaya zuciyarsu take bugawa bayan minti goma ana riƙe da juna a cikin yashi? Ina gwiwoyinsu suke idan sun kai shekara hamsin, bayan makaɗa sun daina kiran sunansu? Muna da kirarin kowa a ka. Amsar waɗannan tambayoyi kuwa sai wanda ya karanci fannin ya zauna ya auna, ya rubuta, ya kwatanta shekara da shekara.

Mai wannan karatu yana farawa ne da ƙirar jiki, ƙasusuwa 206 na baligi da tsokoki fiye da 600, da yadda jijiyoyi suka ɗaure su. Daga nan ya shiga aikin zuciya da huhu da jini a lokacin wahala, da lissafin ƙarfi da nauyi a cikin motsi, da ilimin abinci, da halayyar ɗan Adam, da dabarun koyarwa, da agajin gaggawa. Shekara uku kafin lisans, biyu kuma kafin masta, kamar yawancin fannoni. Wanda bai iya kimiyyar halittu da lissafi ba zai sha wuya a ciki, ko da ya fi kowa gudu.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi. A watan Afrilu da Mayu ma'auni yana wuce digiri 40 a Maraɗi, amma je ka wata makaranta wajen sha ɗaya na safe ka gani. Yara sun fi sittin a fili, ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta da ƙafa, wasu da silifa, wasu ko karin kumallo ba su yi ba, tulun ruwa kuwa yana can nesa a gindin bishiya. An busa usur, an ce zagaye biyar. Can sai wata yarinya ta tsaya, ta dafe kai, ta sulale ƙasa. Ƙawaye su kewaye ta suna fifita da littafi, wani ya ce aljanu ne, wani ya ce lalaci ne. Wanda ya karanci aikin jiki ya san mutum yana iya zubar da gumi lita ɗaya zuwa biyu cikin awa guda a irin wannan rana, ya san idan ruwan da ya fita ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ƙarfi ya fara raguwa ke nan. Ya kuma san idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40 mutum ya fara ruɗewa, to rai ake magana, kuma kafin a nemi mota sai a fara sanyaya shi da ruwa nan take, a inuwa. Irin wannan malami ba zai sa darasin a wannan sa'a ba tun farko. Zai kuma tambayi wane ne mai amosanin jini a cikin ajin, domin ko wanda ya gaji rabin ciwon, wanda bai taɓa kwanciya ba, gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa yana iya jefa shi cikin haɗari.

Haka abin yake a filin ƙwallo. Magoya bayan ƙungiyar Ɗan Kasawa da ta Jangwarzo, da duk mai zuwa kallon wasan unguwa da la'asar, su tambayi kansu: idan ɗan wasa ya yanke jiki ya faɗi ba tare da kowa ya taɓa shi ba, wa ya san abin yi? Abin da muka saba gani shi ne a ɗaga ƙafafunsa, a kwara masa ruwa, a yi ta kiran sunansa. Samuel Okwaraji haka ya faɗi a Legas a watan Agusta 1989, ana wasa da Angola, bai tashi ba. Marc-Vivien Foé na Kamaru haka ya faɗi a birnin Liyon na Faransa ranar 26 ga Yuni 2003. Christian Eriksen na Danmak shi ma zuciyarsa ta tsaya a fili ranar 12 ga Yuni 2021, amma akwai waɗanda suka fara danna masa ƙirji cikin gaggawa, aka kawo na'urar farfaɗo da zuciya, ya rayu har ya koma buga ƙwallo. Ajali na Allah ne, wannan mun yi imani da shi. Amma danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti abu ne da ake koyo cikin yini ɗaya, kuma barin filayenmu babu ko mutum guda da ya iya shi sakaci ne namu.

Akwai kuma maganar da ake yi ƙasa-ƙasa, ta tramol. Ba ƴan wasa kaɗai ba, har masu dako da masu turin kura ana sayar musu da shi a matsayin maganin ƙarfi. Ba ya ƙara ƙarfi, yana rufe wa mutum jin ciwo ne kawai, sai ya ci gaba da taka gwiwar da ta riga ta lalace, ga kamun da yake yi wa mai sha har ya kasa bari, ga farfaɗiya da yakan tayar. Hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta haramta shi a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairu 2024. Doka kaɗai ba za ta raba saurayi da ƙwaya ba. Sai an samu wanda yake tare da shi kullum a wurin atisaye, wanda zai iya yi masa bayani da Hausa, ya kuma nuna masa abin da zai yi da ciwon maimakon ya danne shi.

Wani zai ce ai an rubuta duk wannan a littattafan Turai, a ɗauko kawai. Gaskiya ne an rubuta da yawa, amma an auna shi ne a jikin mutanen da ba su san bazara ba, ba su san ƙurar hunturu ba, ba sa shan fura. Littafi zai gaya maka ɗan wasa yana buƙatar furotin giram 1.2 zuwa 2 ga kowane kilo na nauyinsa a rana, wato ƙato mai kilo 90 yana neman tsakanin giram 108 da 180. Littafin ba zai gaya maka kwano nawa ke nan na fura da nono ba, ko wake, ko ƙuliƙuli, ko kilishi, ko fara, ko kwaɗon zogalen da ake nomawa a fadamar Jiratawa ana lodinsa zuwa kasuwanni. Wannan lissafi namu ne, kuma malaman noma da na kiwon lafiya da za su taimaka a yi shi suna cikin jami'a ɗaya. Haka batun azumi. Watan Ramadan yana matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, ya bi ta sanyi, ya bi ta bazara. Masu bincike a Tunisiya da Katar sun yi aiki sosai kan yadda mai azumi zai yi atisaye, amma sahur ɗinsu ba namu ba ne, kuma ɗan wasanmu sau da yawa daga gona ko daga kasuwa yake zuwa fili.

Jami'ar Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, tana da sashen kimiyyar lafiya, da na kimiyya da fasaha, da na noma. Rabin abin da ake buƙata ke nan. Mai koyar da ƙirar jiki ga ɗaliban likita zai iya koyar da ita ga waɗannan. A yanzu mai son zama malamin wasanni hanyarsa Yamai ce, cibiyar INJS, kuma cibiyar ta yi wa ƙasa aiki, ba na raina ta. Sai dai cibiya ɗaya a babban birni ba za ta wadatar da jihar da ke sahun gaba wajen yawan jama'a ba, kuma ba kowane uba ne zai iya ɗaukar nauyin ɗa a Yamai ba, balle ya saki ɗiya. Ƙasashen yankinmu sun daɗe da shigar da fannin cikin jami'a: INSEPS a Dakar tana ƙarƙashin Jami'ar Sheikh Anta Diop, INJEPS a Porto-Novo tana ƙarƙashin Jami'ar Abomey-Calavi, Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da ta Bayero a Kano kowace tana da sashenta. Ga Katsina da Kano nan kusa, musayar malamai ba za ta gagara ba, yare ɗaya muke yi.

Saura tambayar uba, kuma ita ce mai nauyi: ina aikin yake? Ba zan yi wa kowa alkawarin albashi ba. Ƙungiyoyin ƙwallonmu da ƙyar suke biyan ƴan wasa, kuma ƙasar da lambobinta na Olimfik biyu ne, tagullar Isaka Dabore a dambe a Munik 1972 da azurfar Abdul Razak Alfaga a taikwando a Riyo 2016, ba za ta ɗauki masana ɗari don zakaru kaɗai ba. Aikin yana wani wuri. Yana makarantu, na gwamnati da masu zaman kansu da ke ta ƙaruwa. Yana barikin soja da na jandarma. Ya fi yawa kuma a wurin masu hawan jini da ciwon sukari, waɗanda kusan kowane gida a garin nan yana da nasa. Maraɗi garin kasuwanci ne, Alhaji yana yini a shago daga hantsi zuwa magariba, daga mota sai kujera. Likita ya ce masa ya riƙa motsa jiki, shi ke nan, bai da lokacin ƙarin bayani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako, yaro kuma minti 60 kullum. Amma mai shekara sittin da ciwon gwiwa, wanda yake shan maganin sukari, da me zai fara, da wane sauri, kafin cin abinci ko bayansa? Wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama, aka sallamo shi gida, wa zai bi shi har ya koma taka ƙafarsa zuwa masallaci?

Iyayenmu mata su ne aka fi bari a baya. Hajiya ba za ta fita titi da kayan gudu ba, kuma ba ta da laifi. Mace ƴar'uwarta da ta yi karatun, wadda za ta tara su a tsakar gida ko a harabar Islamiyya cikin suturarsu, ita ce za ta iya. Haka ɗiyoyinmu da ke neman takardar likita don a ɗauke musu darasin wasanni, da yawansu lafiyarsu ƙalau, malama mace suke nema da wuri mai sutura. Don haka idan an buɗe sashen, a ware wa mata gurabe tun daga rukunin farko.

Ba na so a fahimce ni kamar ina cewa a kori na da. Tsofaffin ƴan kokowa da ke horar da samari a Tsibiri da ƙauyukan Gobir bayan an kai amfanin gona gida sun san kamu da kaye da babu shi a kowane littafi. Sun san yadda ake karanta tsayuwar abokin karawa, da yadda ƙarami ke kada wanda ya ninka shi nauyi, abin da ke da muhimmanci a gasar da ba a raba mutane bisa kilo. Masu ɗori ma sun yi wa jama'a aiki tun kafin a san hoton ƙashi, ko da yake kowa ya taɓa ganin hannun da aka ɗaure da tsananin ƙarfi har ya kumbura ya yi baƙi. Ɗalibin da nake fata shi ne wanda zai durƙusa gaban tsohon ɗan kokowa ya ce, "Baba, nuna mini," ya ɗauki abin a bidiyo, ya auna, ya rubuta da sunan mai shi. Shi ne kuma zai iya gaya wa mai ɗori cikin ladabi cewa wannan karayar ta likita ce. Dattawan nan suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, abin da ke kansu yana tafiya da su.

Ba sai an jira gini ko manyan na'urori ba. Sikeli, da agogon auna gudu, da na'urar awon jini, da littafin rajista sun isa a fara. Kafin gasar takobi mai zuwa, jami'a da hukumar kokowa ta jiha za su iya zama su amince cewa ƴan kokowa goma da za su wakilci Maraɗi a duba zuciyarsu da jininsu da gaɓoɓinsu kafin su shiga sansani, a auna su kafin atisaye da bayansa, a rubuta duk raunin da aka samu da yadda ya warke. Ɗaliban likita na shekarun ƙarshe za su iya yin wannan ƙarƙashin malamansu, kuma su koya wa masu horarwa da alƙalan fili danna ƙirji a mako ɗaya. Idan aka yi haka shekara uku a jere, sashen da za a buɗe zai tarar da bayanan ƴan kokowar jiharsa suna jiransa, shugaban jami'a kuma zai samu takardar da zai ajiye a gaban ministan ilimi mai zurfi idan ya je neman izini da kuɗi.