Wasiƙa Daga Ohayo: Araha Ba Ta Ado, Ko A Bindigar Farauta

Mu nan garin Kolombos sai godiya, illa sanyi da ya fara shigowa.

Tun da na aika hoton barewar da na harbo bara, Kawu ya yi ta min tsiya a waya, wai ya ji kuɗin da na kashe a kan rabin bindiga kawai sun isa sayen raguna. Kawu, Allah ya ja zamaninka, yau ga amsata. Na kuma san halin da ake ciki a gida, inda jin kalmar bindiga kaɗai ke tayar da hankali. To ku kwantar da hankalinku, tawa ta farauta ce, da lasisi, kuma kullum tana kulle a akwatin ƙarfe.

Bari in fara da bayani. Bindigar da ake kira AR-15, wadda Eugene Stoner ya tsara a shekarun 1950, gida biyu ce. Akwai rabin ƙasa mai ɗauke da kunama da gidan harsashi, shi ne dokar Amurka ta ɗauka a matsayin bindiga, shi ke da lamba. Sai rabin sama, mai bututu da sakatar da ke kulle harsashi. Ƙusa biyu ke riƙe su, sai mutum ya zare ya sauya saman da wani. A 2014 jihar Ohayo ta yarda a yi farautar barewa da harsashi mai miƙaƙƙen kwanso, shi ya sa mafarauta da yawa suka koma wa .450 Bushmaster, wanda ya fito a 2007. Kan harsashinsa ya kai giram 16, alhali na ƙaramin da aka saba sa wa wannan bindiga bai cika giram 4 ba.

A nan gizo ke saƙar. An ƙera bindigar ne don ƙaramin harsashi. In za a sa mata babba, dole a faɗaɗa fuskar sakata, ƙarfen gefenta ya rage kauri, ga kuma bugun da ya ƙaru. Saboda haka ɗan sakacin da zai wuce lami lafiya a ƙaramar bindiga, a nan sai ya tona asirin maƙeri.

Ni ganau ne. A 2022 na ga wani saman mai araha a intanet, na wani kamfani da ba zan kama sunansa ba, na saya ina murna. A filin gwaji, a tazarar yadi 100, harbi biyar suka watsu fiye da faɗin tafin hannuna, sau biyu kuma kwanso ya maƙale. Maimakon in tsaya, sai na ce ai hannuna ne bai saba ba. Da lokacin farauta ya zo, a ƙarshen Nuwamba, na auna wata barewa a bayan kafaɗa, na yi bisimilla na harba. Harsashi ya same ta can baya. Ta ruga cikin daji. Na bi jininta a kan ganye har duhu ya yi, na dawo da sassafe, ban same ta ba. Wallahi kwana uku abin yana cina a rai, don na san ta je ta mutu ne a wahale, kuma ba wanda ya amfana da namanta.

Da na kai wa mai gyaran bindiga, sai ya nuna min cewa zoben da ke ɗaure bututu bai ɗauru sosai ba, hanyar hayaƙin da ke tura sakata baya ita ma a karkace take. Amma laifin farko nawa ne, tunda na ga alama na kau da kai.

Wanda na saya daga baya ya ninka wancan kuɗi. Harbi biyar suna taruwa cikin inci ɗaya da rabi, kuma har yau bai taɓa cije min ba. Dokar Ohayo harsashi uku kacal ta yarda a zuba wa bindigar farautar barewa, don haka yawan harbi ba zai ceci kowa ba. Na farkon ne aiki.

Ra'ayina ke nan: ingancin bindigar farauta ba ƙawa ba ce, tausayi ne ga dabba, kuma kariya ce ga fuskar mai harbi, wadda ke dab da wurin da wuta ke tashi. Kawu, kai ka ba mu labarin cewa marigayi Kaka bai taɓa karɓar bindiga daga maƙera ba sai ya ɗaure ta a bishiya ya ja kunama da igiya daga nesa. Ashe gado na yi, sai dai ni sai da na yi asara na koya. Wanda ba shi da halin sayen mai kyau, ya haƙura ya tara kuɗi, daji ba ya gudu.

A gaida Inna da su Yaya da yara duka. Kilishin barewa kuma sai wanda ya zo. Sai wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu.