Mun Fasa Dokin Laka, Mun Bar Caca a Ƙofar Masallaci

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ku iyayenmu da 'yan uwanmu, jama'ar masallatan Tagriss da ƙauyukan da ke kewaye da ita, kaka ta wuce, damman gero sun shiga rumbu, rani ya kama. Masu tafiya cirani sun kama hanyar Maraɗi da Kano da Agadas, waɗanda suka rage a gida kuwa sun sami abin da ba su da shi da damina, wato lokaci. A irin wannan lokaci ne ake haƙa ramukan dara a inuwar gawo, yara kuma su ɗebo laka su gina dawaki da raƙuma, ko su jera sojojin roba da aka sayo musu a kasuwar Dakoro, su raba su runduna biyu a kan rairayi suna gwada yaƙi.

A kan waɗannan wasanni biyu nake son mu yi magana, domin hukuncinmu a kansu ya juye. Za ka ga dattijo ya iske ɗansa ko jikansa da dokin laka, ya daka masa tsawa, ya ce gunki ne, ya sa takalmi ya murƙushe. Bayan nan sai ya koma gindin bishiya ya zauna a bakin ramin dara, da dala hamsin a ƙarƙashin tabarma ta wanda ya ci. Ladan ya kira la'asar, ya ce bari a ƙarasa wannan. A tayar da iƙama, ya ce saura ɗa biyu. Abin da shari'a ta yi wa rangwame mun tsananta a kansa, abin da malamai duka suka haɗu a kan haramcinsa kuwa mun mayar da shi abin hira.

Mu fara da abin wasan yaro. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Uwar Muminai Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yar tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana ta ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa wata rana iska ta yaye labulen da ya rufe kayan wasanta, sai ya ga doki mai fukafukai a cikinsu, ya tambaye ta, ta ba shi amsa da labarin dawakin Annabi Sulaimanu, ya yi dariya. Bai karya dokin ba, bai sa a fitar da shi daga ɗaki ba. Haka nan sahabiya Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta ba da labari, a Bukhari da Muslim, cewa ranar Ashura sukan yi wa yaransu abin wasa da ulu, idan yaro ya yi kukan yunwa a miƙa masa ya shagala har lokacin buɗa baki. Abin wasa ne ya taimaki 'ya'yan sahabbai suka koyi azumi. Da waɗannan hadisai ne malamai, cikinsu har da Alƙali Iyad na mazhabarmu ta Malikiyya, suka ware 'yar tsana daga hanin da ya zo a kan surori, wasu kuma suka faɗaɗa rangwamen zuwa kayan wasan yara baki ɗaya.

To, baba, da wace hujja ka murƙushe dokin? Yaron da ya zauna ya mulmula laka, ya kafa mata ƙafafu huɗu na kara, ya tsara inda mahaya za su tsaya da inda 'yan baka za su ɓuya, hannunsa da ƙwaƙwalwarsa ne suke aiki. Ko wasan yaƙin kansa yana da asali: Habashawa sun yi wasa da masu a cikin masallacin Madina ranar idi, Manzon Allah ya tsaya ya kāre Nana A'isha tana kallo, da Sayyidina Umar ya yunƙura zai hana su sai aka ce ya bar su. Aikinka a kan yaron shi ne ka tashe shi idan lokacin salla ko na makarantar allo ya yi, ka hana shi zagi da jifa idan an ci rundunarsa.

Hukuncin babba daban ne, kuma dole a faɗe shi domin samarinmu suna gani a wayoyinsu. A ƙasashen Turai akwai manyan mutane masu gemu da suka mayar da tara ƙananan mutum-mutumin sojoji abin sha'awa. Marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya fitar da littafin ƙa'idojin irin wannan wasa a 1913, sannan a 1983 kamfanin Games Workshop ya fito da wasan Warhammer, wanda mabiyansa ke sayen sojoji da dodanni na roba ko na dalma, su yi musu fenti ɗaya bayan ɗaya, su jera a kan faffaɗan tebur su gwabza, in sun gama su adana su a akwatin gilashi don ado. Saurayin da ya ga wannan ya ji yana so ya fara tarawa, ya san matsayin mazhabarmu: surar abu mai rai, mutum ko dabba, idan tana da jiki mai inuwa, gaɓoɓinta sun cika, kuma an yi ta da abin da ke daɗewa, haramun ce. Idan an rage mata gaɓar da ba a rayuwa sai da ita, kamar kai, ta fita daga wannan hukunci. Rangwamen da aka yi wa yaro saboda ƙuruciyarsa ne da tarbiyyarsa, bai kai ga magidancin da zai jera mutum-mutumi a kan kanta a ɗakin da yake salla ba. Hadisan da suka yi gargaɗi ga masu sassaƙa surori, da waɗanda suka ambaci ƙauracewar mala'iku daga ɗakin da suke, suna nan a Bukhari da Muslim.

Kuma mai son dabarar yaƙi ba ya buƙatar gunki. Wasan da sojojin ƙasar Furusiya, a Jamus ta yau, suka karɓa a 1824 daga hannun hafsa Reisswitz don horar da hafsoshinsu, da ƙananan tubala masu launin ja da shuɗi ake yin sa a kan taswira, babu fuska babu hannu. 'Ya'yan shaɗaranji da aka tono a Naisabur, garin Imamu Muslim, waɗanda aka sassaƙa fiye da shekara dubu da suka wuce, dunƙule suke, alama kaɗan ce ke bambanta doki da giwa. Mu kuwa kakanninmu sun bar mana dara, wadda Zabarmawa ke kira dili: galibi gidaje 30, layi biyar a tsaye shida a kwance, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. A dasa su ɗaya bayan ɗaya, sannan a fara turawa gida-gida, wanda ya jera uku ya cire ɗa guda na abokin karawarsa. Akwai kwanton ɓauna a cikinta, akwai toshe hanya, akwai sadaukar da ɗa guda don a ci biyu. Ba a kashe ko dala wajen sayen kayanta.

Sai dai kada masu dara su yi saurin murna. Babu nassi da ya ambaci dara da sunanta, malamai suna kwatanta ta ne da wasannin da magabata suka yi magana a kansu. Nardu, wasan da ake jefa ƙwaya sa'a ta yanke hukunci kamar yadda ake yi a lido, hani a kansa ya zo a Sahihu Muslim da Muwaɗɗa Malik da kalmomi masu tsanani. Shaɗaranji, wanda ya dogara ga lissafi kamar dara, an yi saɓani a kansa. Imamu Shafi'i ya ɗauke shi makaruhi. Imamu Malik, wanda ya rasu a 179 bayan Hijira, ya ƙi shi ƙwarai. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta hana shi tare da nardu, ta kuma karhanta zama wurin masu yi da kallonsu. Ibn Abdil Barri na Ƙurɗuba ya fayyace cewa wanda ya yi shi jefi-jefi a cikin gidansa ba tare da kuɗi ba an yi masa afuwa, amma wanda ya lizimce shi a bainar jama'a mutuncinsa ya zube, ba a karɓar shaidarsa. Mu dubi wannan da idon basira. Mutum yana iya wayar gari limami ko alƙali ya ƙi karɓar shaidarsa a ɗaurin aure ko rikicin gona, saboda an san shi da kwana a bakin rami.

Duk wannan saɓani yana tsayawa ne a kan wasan da babu kuɗi, babu barin wajibi. Da zarar ɗayan biyun ya shigo, babu mazhabar da ta saura a bayanka. Allah Maɗaukaki ya ambaci caca tare da giya da gumaka a aya guda, ta 90 a Suratul Ma'ida, ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, a aya ta 91 kuma ya bayyana abin da suke haifarwa: gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, da kange su daga ambaton Allah da salla. Ku lura da wannan jeri. Gunkin da kake zargin jikanka da shi da cacar da kake yi, aya ɗaya ce ta haɗa su, sai dai nasa ba gunki ba ne, taka kuwa caca ce.

Na san amsoshin da ake bayarwa. Wani zai ce kuɗin shayi ne kawai, wanda aka ci ya sayi sukari. Shari'a ba ta sa wa caca ma'auni ba. Duk wasan da kowane ɓangare zai iya ci ko a ci shi dukiya, caca ne, dala biyar ce ko jaka biyar, goro ne ko tiyar gero. Hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya taƙaita sanya lada a tsere a kan abubuwa uku: harbi, da tseren raƙuma, da na dawaki, su ma da sharuɗɗansu. Dara ba ta ciki. Kuma daga kuɗin shayi ake farawa. Yaron da ya taso yana ganin ubansa yana zura hannu ƙarƙashin tabarma, da wane baki za a hana shi zuba kuɗin ciraninsa a cacar ƙwallo ta waya? A nan ne dara ke cin gida.

Wani zai ce ai muna yin sallarmu in mun tashi. Yaushe kuke tashi? La'asar sai rana ta yi ja, a yi ta kamar kaza na tsattsagar tsaba, magariba kuma a riski raka'ar ƙarshe da ƙasa a gwiwa. Makahon sahabi ya nemi izinin yin salla a gida, da aka tabbatar yana jin kira sai aka ce ya amsa. Kai da idanunka biyu, masu hango tarkon da aka ɗana maka tun saura turi uku, taku nawa ne tsakaninka da sahu? Suratul Jumu'a ta umarci a bar ciniki, wanda halal ne kuma abincin iyali ne, idan an yi kiran sallar Juma'a. Ina ga tsinke da tsakuwa?

Wani kuma zai ce to me za mu yi da rani, babu noma babu aiki? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba na kiran a binne kowane ramin dara a garin nan. Addini bai hana hutu ba. Amma ranin da ya ishe mu wasa goma a yini ya isa a sauke Ahalari da Ishmawi tsakanin azahar da la'asar, ya isa a kai taki gona, a gyara danga, a yashe rijiya kafin zafi ya tsananta. Wanda ya zaɓi bin malaman da suka sauƙaƙa, ya riƙe sharuɗɗansu duka: kada a sa ko ƙwandala, kada a yi rantsuwa ko ashar, kada ya zama aikin kullum, kuma da jin kiran salla a share ramuka a tashi, ko da wa ke gab da ci. Wanda ya zaɓi tsantseni irin na Risala ya bar ta gaba ɗaya, ya fi kuɓuta.

Ina roƙon limamanmu su ware huɗuba guda a kan wannan kafin rani ya yi nisa. Ina roƙon shugabannin fada-fadar samari su sa doka a tsakaninsu cewa babu kuɗi a wasa, kuma tukunyar shayi tana sauka idan ladan ya ɗaga murya. Masu gida kuma kada su yarda a haƙa ramin caca a inuwar ƙofarsu, domin mai ba da wuri yana da kasonsa na alhaki. Iyaye mata, ku bar wa yara dawakinsu na laka, ku tashe su idan lokacin alwala ya yi.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya tsare mu da zuriyarmu daga caca da wasa da salla, Ya sa albarka a lokacinmu, Ya dawo mana da matafiyanmu lafiya. Wanda ya karanta ya isar wa wanda bai da waya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.