Raunin Yarinta da Jinyar da Ake Yi ta Waya

A shekarar 1998 wasu likitoci biyu a Amurka, Vincent Felitti da Robert Anda, suka wallafa sakamakon binciken da aka gudanar a birnin San Diego. An tambayi dubban manya abin da suka gani suna yara: duka, zagi, fyaɗe, uba mashayi, uwa da ake jibga a gabansu. Waɗanda suka ɗanɗani iri huɗu ko fiye na wannan uƙuba, haɗarin kamuwarsu da ciwon damuwa ya ninka na waɗanda ba su ɗanɗana ba fiye da sau huɗu.

Yaron da ya tashi cikin firgici yakan koyi danne abin da ke ransa, ko ya kwana yana saƙa da warwara. Dabarar da ta tsare shi yana ƙarami ita ke cin sa idan ya girma. James Gross na Jami'ar Stanford ya nuna cewa dannewa fuska kawai take gyarawa, zuciya na nan tana tafasa; sauya yadda mutum ke fassara lamarin ne ke rage zafin. Mu nan sau da yawa dannewar muke kira haƙuri, alhali ba ɗaya suke ba.

Wannan fasahar ake ƙoƙarin koyarwa ta intanet tun kafin ciwo ya kama: mutum ya ambaci abin da yake ji da sunansa, ya daidaita numfashi, ya tuhumi tunanin da ke ce masa shi ba kowa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada wani shiri mai darasi biyar, Step-by-Step, a tsakanin 'yan gudun hijirar Siriya a Labanon, damuwarsu kuma ta ragu. Su dai ciwon ya riga ya kama su, kuma ba manhaja kaɗai aka bar su da ita ba. Duk mako wani mataimaki da aka horar yakan tuntuɓe su na kimanin minti 15. A ganina rabin maganin yana cikin wannan kiran, domin wanda babba ya ci amanarsa yana yaro ba allo yake nema ba.

Yaran da suka tsere daga Bama da Gwoza a 2014 yau suna azuzuwanmu na jami'a, a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba. Waya za ta raba su da kunyar a gan su a ƙofar asibiti. Sai dai a gidaje da yawa wayar budurwa ba tata ba ce ita kaɗai, kuma wanda ke bincika ta da dare wani lokaci shi ne ya yi raunin.