Tsayawar Zuciya Ba Ita Ce Cikar Ajali Ba



Ranar 17 ga Maris 2012, Fabrice Muamba na ƙungiyar Bolton ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa a filin Tottenham da ke Landan. Minti 78 zuciyarsa ba ta buga da kanta ba, ana danna ƙirjinsa, ana girgiza zuciyar da na'urar lantarki. Allah Ya tashi kafaɗunsa. Ƙwallo kam ya bar ta, amma ya haura shekara goma yana raye cikin iyalinsa. Christian Eriksen kuwa, da ya faɗi a Kofenhagen a 2021, har fili ya koma a 2022 da 'yar na'ura a ƙirjinsa.

A wurinmu, mutum na faɗuwa sai a kewaye shi da salati, a yayyafa masa ruwa, a ce kwana ya ƙare. Wa ya sanar da mu? Ajali gaibu ne, riƙo da sababi kuwa umarni ne, kuma ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin 'yan mintoci idan jini ya daina kai mata. A ganina fardu kifaya ne a koya wa ɗaliban Islamiyya danna tsakiyar ƙirjin wanda ya faɗi ba ya numfashi, sau 100 zuwa 120 a minti, har likita ya karɓe shi.