Asiya a Bakin Tashar Ɗanbatta

Duk wanda ya taɓa sauka a Ɗanbatta bayan sallar magariba, musamman ran Lahadi da kasuwa take ci, ya san yadda bakin tasha yake cika ya batse. Fatake sun gama lodin dabbobi, direbobi suna kiran fasinjan Kano da na Kazaure da Daura, samari kuwa sun yi sahu a kan bencin masu shayi. Kowane mai shayi da teburinsa, ga tulin burodi, ga ƙwai, ga kwalayen taliya an jera su kamar ginin katanga. Ba abin da kunne yake ji sai ƙarar kasko da kiran "Mai shayi, biyu da ƙwai!" A nan muka ci abincin dare a hutun da ya wuce, mu kaɗan daga cikin ɗaliban wannan yanki, a nan ne kuma wani daga cikinmu ya ɗaga ledar da aka yar, ya ce, "Jama'a, ko kun san abincin Asiya muke ci?" Muka bushe da dariya. Amma da muka natsu muka bi asalin abin da ke gabanmu ɗaya bayan ɗaya, sai dariyar ta koma ciki.

Gaskiya ne babu Basine ko Ba'indiye da yake riƙe da ludayi a Ɗanbatta. Wanda yake son ya ga irin wannan sai ya shiga birnin Kano, inda gidajen abincin Sinawa da Indiyawa da Kwarori suka daɗe, inda kuma aka buɗe babban kantin nan na Ado Bayero a 2014, matasa suka fara ɗabi'ar zuwa cin abinci a manyan kantuna. Amma abin da ke cikin kaskon mai shayinmu na ƙauye, tafiyarsa ta fi ta kowane fasinja da ke tashar nisa. Wani mutumin Japan mai suna Momofuku Ando shi ya ƙago irin wannan taliya mai saurin dahuwa a 1958, lokacin da ƙasarsa take farfaɗowa daga yunwar bayan yaƙi. Indomie da muke kira kamar sunan ɗan gida, 'yar Indunusiya ce. An fara shigo da ita Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980, sa'an nan aka kafa masana'antarta a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, da haɗin gwiwar wani kamfani na Singafo mai suna Tolaram. Shayin da muke kurɓa, asalin ganyensa daga ƙasar Sin ne, sunansa kuma ta bakin Larabawa ya iso mana. Shinkafar da aka daɗe ana kira 'yar waje, daga Tailan da Indiya jiragen ruwa suka riƙa kawo ta. Shawarmar da ta fara ratsowa garuruwanmu daga birni, ita ma ta ƙasashen Sham ce, Sham kuwa a cikin Asiya take.

To, kada wani ya yi zaton za mu hau mumbari mu ce a daina ci. Mu kanmu mun ci, gobe ma za mu ci. Bahaushe bai taɓa zama mai ƙyamar baƙon abinci ba. Gurasar da Kanawa suke alfahari da ita, ta hannun Larabawan da suka zauna a birni ta shigo. Mangwaro daga Indiya ya fito, kanumfari daga tsibiran Indunusiya, citta da lemo da rake duk daga can gabas suka taso, yau kuwa ba mai kiransu baƙi. Ko taliyar ma muna da tamu, 'yar murji, wadda iyayenmu mata suke yi da garin alkama su shanya a kan igiya tun kafin mu san ta leda. Al'ummar da ta rayu a kan fatauci, wadda raƙumanta suka ƙetare Sahara, jakunanta suka je Gwanja, ba ta da dalilin jin tsoron abin da ya zo daga nesa.

Haka kuma ba ma ganin laifin ɗalibin da ya tashi daga aji da yamma, aljihu ba nauyi, ɗaki ba murhu, ya nufi wurin mai shayi. Kafin a tuƙa tuwo sai an surfa, an wanke, an kai niƙa, an tankaɗe, an nemo itace. Taliyar leda kuwa minti kaɗan ta ishe ta. Ƙaramin ma'aikacin da aka turo aiki sakatariya ko asibiti, ba mata ba dangi a garin, shi ma hanyar da ta fi masa sauƙi ke nan. Mai shayin kansa ɗan'uwanmu ne, da wannan kasko yake ciyar da iyali, ya biya kuɗin makarantar 'ya'yansa. Wanda ya zage shi bai san zafin nema ba.

Damuwarmu a wani wuri take. Ɗanbatta tana tsakiyar ƙasar noma, ƙasar da gona take manne da gona, ba a barin ko taki ɗaya ya kwana banza. Kakanninmu sun gano yadda za su shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a fili ɗaya, su kai masa takin gida a kan jaki, su ci daga gare shi shekara da shekaru ba tare da ƙasa ta gaji ba. Har masana daga ƙasashen Turai sun zo sun yi nazarin wannan hikima. Ga madatsar ruwa ta Thomas a kusa, ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo. Duk da haka, idan dare ya yi, ɗan manomin gero ba ya samun abin da aka yi da geron ubansa cikin sauƙi da tsabta, sai abin da aka yi da alkama. Alkamar nan kuwa mafi yawanta daga ƙasashen waje ake sayo ta da kuɗin ƙetare, domin wadda ake nomawa a Kadawa da sauran wuraren noman rani ba ta kai ko kusa da abin da ƙasa take ci ba. Shi ya sa tun da aka janye tallafin mai aka kuma saki darajar naira a 2023, kowane tashin dala sai mun ji shi a bakin tasha. Manomin Ɗanbatta bai taɓa ganin dala da idonsa ba, amma ita take yanke wa ɗansa yawan abin da zai ci. Kayan aro, in ji masu iya magana, ba ya rufe katara.

Gwamnatoci sun gwada maganin wannan ciwo da doka. An hana shigo da alkama a 1987, aka janye hanin bayan 'yan shekaru. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019 saboda shinkafa, aka buɗe a ƙarshen 2020. Kowane karo an sami waɗanda suka amfana, amma bakin mai ci bai sauya ba, domin doka ba ta dafa abinci. Mutum zai ci gaba da sayen abin da ya fi saurin isa cikinsa, ko da kuwa a ɓoye aka shigo da shi.

Abin mamaki shi ne, Indunusiya ma ba ƙasar alkama ba ce. Sayowa take yi kamar yadda muke yi. Abin da ta mallaka shi ne dabarar sarrafawa da ƙullawa da kai kaya har ƙauyen da babu kwalta. Mu kuwa namu ya zama akasin haka. Je ka kasuwar Dawanau ka ga yadda ake loda riɗinmu ɗanye, ana tafiya da shi Japan da Sin, can a tace shi a mai da shi mai da kayan miya masu tsada. Har wa yau, Indiya ce ta kai ƙuduri gaban Majalisar Ɗinkin Duniya aka keɓe shekarar 2023 ta zama shekarar gero da danginsa, a daidai lokacin da wasunmu suke jin kunyar a gan su da ƙwaryar fura a ofis. Cibiyar nan ta ICRISAT da ke binciken gero da dawa da gyaɗa, wadda ta buɗe reshe a Kano, hedikwatarta a Indiya take tun 1972. Ashe mutanen Asiya sun san darajar abin da ke rumbunmu, mu ne muke neman mantawa.

Akwai kuma darasi na biyu, wanda ya shafi wurin cin abincin kansa. Singafo, ƙasar da ta tsaya da ƙafarta a 1965, ta taɓa zama cike da masu sayar da abinci a gefen titi, cikin ƙura da ƙazantar kwata kamar yadda muka saba gani. Hukumominta ba su kashe sana'arsu ba. Sai suka yi musu rajista, daga 1971 zuwa 1986 suka gina musu rumfuna a unguwanni, da ruwan famfo da magudanai da wurin zubar da shara, aka sa tebura a tsakiya kowa ya saya inda yake so ya zauna inda ya samu. Yau attajiri da lebura a teburi ɗaya suke ci, a 2020 kuma hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin jerin abubuwan gado na duniya. Abin da suka yi bai buƙaci wani sihiri ba: rufi ne, da ruwa, da tsari, da mai duba tsabta wanda ba ya karɓar na goro.

Mu duba namu. Mai shayi yana da teburi da fitila, saboda haka shi ne yake kai wa dare. Amma ɗanwake da waina da dambu da fura da ƙosai, waɗanda aka yi da amfanin gonarmu, galibi mata ne suke yin su a cikin gida, su ɗora wa 'yan mata ƙanana a ka su shiga tasha da su. Yarinyar da ya kamata a ce tana aji ko tana bitar karatunta, ita ce take yawo tsakanin motoci har duhu ya yi, da duk haɗarin da kowa ya sani. Watau abincin da ya zo daga nesa ya sami mazauni, na gida kuwa yana yawo a kan 'ya'yanmu. Ga kuma batun lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kowa kuwa ya san yawan gishirin da ke cikin ƙullin ɗanɗanon taliya, balle a haɗa biyu ko uku a kasko ɗaya a ƙara dunƙule. Ci ɗaya ba ya kisa, amma wanda ya mai da shi safe da dare shekara huɗu, jikinsa zai biya bashin wata rana.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, kada a ce maganar abinci ta yi ƙanƙanta a mujallar ƙungiya. A watan Afrilu na 1978, ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini na ɗaliban jami'a shi ya tayar da tarzomar da ake kira "Ali Must Go", har aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. Magabatanmu sun san cewa da ruwan ciki akan ja na rijiya. Mu da muka gaje su, ba a neme mu da jini ba. An neme mu da tunani da aiki.

Saboda haka ga abin da muke kira a kai. Na farko, muna roƙon ƙaramar hukuma ta keɓe fili kusa da tasha ta gina rumfar abinci mai rufi da daɓe, da rijiyar burtsatse da magudana, ta raba wa masu sana'a a kan haya mai sauƙi, ta kuma dawo da aikin duba-gari yadda iyayenmu suka san shi. Na biyu, a ware rabin rumfunan domin masu abincin gida, a bai wa manyan mata da zawarawa, ko kuma wakilan da matan aure suka amince da su, da sharaɗin 'ya'yansu su koma makaranta. Na uku, 'yan'uwanmu masu karatun aikin gona da kimiyyar abinci su daina rubuta kundin da zai ƙare a cikin ƙura. Su ba mu garin ɗanwake da aka riga aka haɗa, da burabusko da dambun da za su dahu kafin mai shayi ya gama soya ƙwai, da fura mai jure kwanaki ba ta lalace ba. Wasu masu ƙananan sana'o'i sun riga sun fara ƙulla irin waɗannan, abin da ya rage shi ne ilmi da jari su same su. Na huɗu, ku matasan ma'aikata da ake bai wa aikin shirya abincin taro, ku tuna da mai waina da mai fura in za ku rubuta takardar saye. Kuɗin hukuma ne, gara ya kwana a garin. Na biyar kuwa namu ne: ƙungiya ta zauna da hukumar makaranta a kan masu sayar da abinci a harabarmu, a tabbata akwai abincin gida mai tsabta a farashin da ɗalibi zai iya.

Wani zai ce ai wannan mafarki ne, ƙaramar hukumar da take fama da albashi ina ta ga kuɗin rumfa? Amsarmu ita ce, kowace Lahadi ana karɓar haraji a kasuwar Ɗanbatta, a kan kowace dabba da kowace mota. Ba mu nemi a gina bene ba. Mun nemi kwano da siminti da famfo, kuma hayar rumfunan za ta mayar da abin da aka kashe. In an ce babu, to a faɗa mana inda harajin yake tafiya; tambayar nan haƙƙinmu ce, mu da iyayenmu suke biya.

Ran Lahadi mai zuwa in Allah Ya kai mu, za a same mu a bakin tasha kamar kullum, wataƙila ma a bencin mai shayin nan. Fatanmu shi ne wata rana mu zauna a inuwa mai tsabta, taliyar Indunusiya a wannan rumfa, ɗanwaken Ɗanbatta a waccan, kowanne da farashinsa, mai ci ya zaɓa da kansa, yarinyar da take talla a yau kuwa tana gida tana bitar darasinta. Allah Ya ba shugabanninmu ikon ji, mu kuma Ya ba mu ikon aikatawa. Amin.